Mu Ne Muke Kashe Ƙudan Zuma, Mu Daina Ɗora Wa Ƙaddara



Makonni uku da suka wuce wata mata Bayarabiya ta zo ofishin ƙungiya a Sabo riƙe da gora biyu na zuma a leda. Ta saye su ne a hannun wani yaronmu mai talla a bakin kasuwar Bodija, don mahaifiyarta mai fama da tari. Ta ce ta zaɓi ta saya a wurin Bahaushe saboda tun tana yarinya take jin cewa zumar Arewa ba ta da algus. Da muka kira yaron bai wahalar da mu ba. Sukari ne aka dafa har ya yi ja, aka zuba zuma kaɗan don ƙanshi, sannan aka jefa ɗan guntun saƙa da matattun ƙudaje a kowace gora don mai saye ya gani ya yarda. Muka mayar mata da kuɗinta, muka ba ta haƙuri, ta tafi.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar ubangidan yaron. Ya ce: "Sakatare, kai ma ka san zumar gaskiya ta yi wuya. Masu amya ba sa samu kamar da. Allah ne Ya ɗauke abinSa, mu kuwa dole mu ci abinci."

Rabin maganarsa gaskiya ne, zuma ta yi wuya. Ɗaya rabin ne ba zan yarda da shi ba. Ƙudan zuma bai tashi haka kawai ya bar mu ba. Mu muka ƙone shi, mu muka fesa masa guba, mu muka sare masa gida, yanzu kuma muna sayar da dafaffen sukari da sunansa. Kuma mu mazauna Kudu muna da hannu a ciki fiye da yadda muke zato.

Na tashi a gidan da ake shan zuma. Kakana yana saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ɗorawa ko tsamiya ya ɗaure ta a tsakanin rassa. Ba ya daɗe yana jira ƙuda ya shiga. Lokacin da ɗorawa ta yi fure, tun daga nesa kana jin gunjin ƙuda a bishiyar kamar injin niƙa. Bana da na je gida Babbar Sallah, ƙanena ya kai ni gona ya nuna mini amyoyinsa. Goma sha huɗu ya ɗaura, uku kawai ƙuda ya shiga, ɗaya daga cikin ukun ma ya gudu kafin damina ta yi nisa. Ɗorayin da na sani a wannan hanya kuwa sai kututture. Duk wanda ya je gida kwanan nan ya tambayi masu amyar garinsu, ina da yaƙinin zai ji makamancin wannan.

Na san wasu za su ce: "Sakatare ya karanto labarin Turawa a intanet ya zo yana tayar mana da hankali." To, bari mu duba labarin Turawan, don a cikinsa akwai darasi. A ƙarshen shekarar 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka fara buɗe akwatunansu suna tarar da sarauniya da 'ya'ya da zuma, amma manyan ƙudaje ma'aikata sun ɓace, ko gawarsu babu. Wasu sun rasa mafi yawan akwatunansu a hunturu guda. Da masana suka bincika ba su sami dalili ɗaya tak ba, dalilai suka samu da suka haɗu: wata 'yar kaska da ake kira barowa, wadda ke manne wa ƙuda tana tsotsarsa tana sa masa cututtuka, magungunan feshi, da yunwa, saboda an share daji an shuka abu iri ɗaya iyakar ganin ido. Ƙudan da yunwa ta raunana, guba kaɗan ta ishe shi. Wanda guba ta raunana, kaska ta gama da shi.

Abin bai tsaya kan zuma ba. Jihar Kalifoniya ce ke noma mafi yawan almon na duniya, kuma duk watan Fabrairu sai an yi jigilar akwatunan ƙuda kusan miliyan biyu a manyan motoci zuwa gonakin, manomi ya biya kuɗin haya kan kowane akwati, in ba haka ba bishiya ba za ta yi 'ya'ya ba. A wasu yankunan lardin Sichuwan na ƙasar Sin, mutane ne ke hawa bishiyoyi da ɗan buroshi suna shafa wa furanni garin barbara da hannu, fure bayan fure, aikin da ƙuda ke yi kyauta. Tarayyar Turai kuwa, a shekarar 2018, ta haramta amfani da magungunan ƙwari guda uku na dangin niyonikotinoyid a filin gona, bayan masananta sun tabbatar da illarsu ga ƙudan zuma. Magungunan wannan dangi suna nan a shagunanmu, har da irin wanda ake cuɗanya iri da shi kafin shuka. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu fetur muke shafawa.

Zan yi adalci ga masu musu, don akwai hujja biyu a hannunsu. Ta farko, idan aka haɗa lissafin duniya baki ɗaya, yawan akwatunan kiwon zuma ƙaruwa ya yi a cikin shekaru sittin da suka wuce, musamman a Asiya. Ta biyu, ƙudan Afirka ya fi na Turai juriya. An gano kaskar barowa a Afirka ta Kudu tun 1997, an gano ta a Kenya, an gano ta a nan kudu maso yammacin Najeriya ma, amma ba ta yi wa ƙudanmu irin ɓarnar da ta yi wa nasu ba. Duka biyun gaskiya ne.

Sai dai ku lura da bambancin da ke tsakaninmu da su. Ba'amurke in ya rasa akwati ɗari, zai raba waɗanda suka rage gida biyu, ya sayi sababbin sarauniyoyi a aiko masa, kafin shekara ya mayar da gurbi. Kuɗi ya yi asara, sana'a tana nan. Ƙanena ba ya haka. Ba ya hayayyafa ƙuda, ba shi da inda zai saya. Amya yake ɗaurawa fanko ya jira taron ƙuda ya taso daga daji ya shiga. Haka mafi yawan masu amya suke yi a ƙasar Hausa. Ma'ana, jarinmu gaba ɗaya yana cikin kogon bishiyoyin daji. Ranar da ƙudan daji ya ƙare, babu kasuwar da za mu je mu sayo shi. Kuma juriyar da ƙudanmu ke da ita a kan kaska ce. Ba shi da juriyar wuta, ba shi da juriyar fiya-fiya, ba shi da juriyar gatari.

Mu fara da wuta. Gidan zuma ɗaya yana iya ɗaukar ƙudaje dubu ashirin zuwa dubu sittin, amma uwa ɗaya ce ke yin ƙwai, ita ce sarauniya. A lokacin yalwa takan yi ƙwai fiye da dubu a rana, kuma dole ta yi, domin ma'aikaciyar ƙuda ba ta wuce mako shida a duniya lokacin aiki. Yanzu ka dubi yadda yaran yau ke shan zuma. Dare ya yi, a kunna damin ciyawa, a cusa harshen wuta a bakin amya ko kogo, a kwashe komai, saƙar zuma da saƙar 'ya'ya, a matse su tare a bokiti. Sarauniya ta ƙone, 'ya'yan da za su gaje ta sun zama ruwa a cikin zumar. Shi ya sa irin wannan zuma take warin ƙauri, take kumfa, take tsami kafin wata biyu. Sau da yawa ma wutar takan kuɓuce ta cinye dajin. Dattawan da suka san sana'ar hayaƙi suke sa wa, su ɗebi rabi su bar wa ƙuda rabi, don sun san baɗi ma za su dawo. Mai cin wuta ya sha zumar shekara ɗaya ya kashe ta shekara goma. Wa ke sayen wannan zuma jarka-jarka ba tare da tambaya ba? Dillalanmu na nan Kudu.

Sai feshi. Ban ce a daina feshi ba. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san in bai yi feshi ba tsutsa ce za ta girbe masa. Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda muke yi. Manomi ya tashi da hantsi, gona ta yi fure fal, ƙuda na tsakiyar aiki, ya goya tanki. Takardar jikin kwalba ta ce murfi biyu, ya sa huɗu "don ya yi ƙarfi". Ya haɗa magani uku a tanki ɗaya saboda mai shago ya ce haka ake yi. In ya gama ya wanke tankin a kududdufin da ƙuda da dabbobi ke sha. Ƙudan da feshin ya sama ya mutu nan take. Wanda ya tsira ya kai gubar gida a jikinsa ya ciyar da 'ya'ya. Wasu magungunan ma ba sa kashewa nan take, rikita ƙuda suke yi ya kasa gane hanyar gida. Kuma ƙuda na tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman fure, don haka feshin mutum ɗaya na iya kashe amyar wanda bai ma san shi ba. Ga maganin ciyawa da ya maye gurbin fartanya, ya share duk 'yan furannin gefen gona da ƙuda ke rayuwa a kansu kafin amfanin gona ya yi fure.

Wannan sakaci da magani ya riga ya ja mana kunya a duniya. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari a kasuwanni. Wa ke aika kuɗin maganin feshi gida duk damina? Mu. A cikin masu shagunan maganin gona a Arewa da nan, 'yan'uwanmu nawa ne? Da yawa. A cikinmu wa ya taɓa buga waya ya tambayi ƙanensa ƙarfe nawa yake feshi?

Sai gatari. Ƙuda ba ya cin hatsi, fure yake ci, kuma a ƙasarmu manyan bishiyoyi ne rumbunsa. Kaɗanya da ɗorawa da mangwaro suna fure a cikin rani, daidai lokacin da babu ko ciyawa ɗaya mai fure a ƙasa. Gawo ma da rani yake ganye da fure. Ka sare su, ka sa ƙuda azumin da ba buɗa-baki. A da, sare kaɗanya ko ɗorawa a gona abin kunya ne, sai mai unguwa ya kira ka. Yau masu gawayi kaɗanya suke nema musamman, saboda gawayinta yana da nauyi yana daɗewa. Ba sai mun je Arewa ba, ku tsaya a hanyar Iseyin ko ta Saki ku ƙirga motocin gawayin da ke fitowa daga yankin Oke-Ogun. A cikin masu sara da masu lodi da masu sari, za ku ji Hausa rangaɗau.

Na huɗu shi ne wanda na fara da shi, zumar jabu, kuma wannan namu ne kacokan. Wasu na ganin ƙaramar yaudara ce tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ta wuce nan. Mutumin da ya sayi akwati, ya yi tattalin ƙudansa shekara guda, ya tace zumarsa da tsabta, ba zai iya sayarwa a farashin mai dafa sukari ba. In ya faɗi kuɗinsa a ce ya cika tsada, ga ta can rabin kuɗi. Shekara biyu, uku, sai ya jingine sana'ar ya sayi babur. Wanda ya fi kowa dalilin kare ƙuda a ƙauye, wanda zai yi rigima da mai feshi da mai gatari, shi muka kora da hannunmu. Sannan jabun tana ɓoye mana gaskiya: kasuwa cike da gorunan "zuma", wa zai yarda cewa ƙuda na ƙarewa? Kuma kada wani ya yaudare ku da gwajin ashana, ko ɗiga ta a ruwa, ko cewa tururuwa ba ta bin ta gaskiya. Masu algus sun fi ku sanin waɗannan gwaje-gwajen. Zumar gaskiya ma takan daskare ta yi tsaki-tsaki, mutane su ce sukari ne su mayar da ita, su ɗauki ta jabu mai sheƙi. Abin da ke tabbatar da zuma shi ne amanar mai sayarwa, kuma ita muke zubarwa.

Wani zai ce shi ba ya shan zuma, ba ya sayar da ita, ina ruwansa. Ruwanka yana cikin tirelar da kake jira daga Arewa. Gaskiya ne gero da dawa da masara da shinkafa iska ce ke yi musu barbara, tuwo ba zai ɓace ba don ƙuda ya ɓace. Amma kankana da kabewa da gurji da agushi furensu biyu ne, namiji daban mace daban, in ƙwaro bai ɗauko gari daga wannan ya kai wa wancan ba, furen zai bushe ya faɗi. In ziyarar ta yi kaɗan, kankanar ta fito a karkace, ƙarama, ba mai saye. Albasar da muke sauke wa a kasuwar Akinyele, irinta ba ya samuwa da kyau sai ƙwari sun ziyarci furenta. Kaɗanyar da matan karkara ke tsinta su yi man da ake fitarwa har ƙasashen waje, ƙudan zuma na cikin manyan masu yi mata barbara. A wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka buga a 2017, da aka hana ƙuda isa ga furanni, amfanin riɗi ya ragu da fiye da rabi, na auduga da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Riɗi kuwa kun san abin da yake nufi ga manoman Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da masu barbara ta wata fuska. Manomi zai ga gona ta yi kore shar, fure ya yi yawa, 'ya'ya kaɗan. Sai ya ce taki ne bai isa ba, ko sammu aka yi masa, ya ƙara feshi, ya ƙara kashe ma'aikatan da ke masa aiki ba lada.

Ga mai cewa Allah ne Ya ɗauke, ina tuna masa cewa akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan wannan ɗan ƙwaro, Suratun Nahli, kuma a cikinta aka ambaci waraka da ke cikin zuma. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa ƙudan zuma na cikin halittu huɗu da Manzon Allah (SAW) ya hana a kashe. Muna karanta wannan da asuba, da dare mu cusa masa wuta. Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, babu musu. Amma ba mu taɓa jin ɓarawo ya kuɓuta a gaban alƙali don ya ce ƙaddara ce ta sa shi sata ba.

Ga mai cewa talauci ne, na ji, ni ma ba daga gidan masu kuɗi na fito ba. Amma feshi da yamma bai fi feshi da hantsi tsada ba. Murfi biyu ya fi murfi huɗu araha. Hayaƙi bai fi wuta kuɗi ba. Mafi yawan abin da ake buƙata sani ne da kula, kuma talaka ne zai fara shan wuya in aka rasa su.

Don haka ga abin da zan gabatar a taronmu na wata mai zuwa, kuma ina so kowa ya zo da ra'ayinsa, har da wanda bai yarda da ni ba.

Na ɗaya, duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana sayar da dafaffen sukari da sunan zuma, a mayar wa mai saye kuɗinsa, a ja masa kunne sau ɗaya. In ya sake, a kai maganarsa gaban Sarkin Hausawa a cire sunansa daga rajista. Ubangidan ake kamawa, ba yaron da aka ɗora wa tire kaɗai ba.

Na biyu, dillalan zuma su daina karɓar mai warin ƙauri da wadda aka matse da 'ya'ya. Ranar da mai cin wuta ya kawo jarka aka ƙi saye, ranar zai koyi hayaƙi.

Na uku, duk mai aika kuɗin feshi gida ya haɗa da saƙo: a yi feshi da yamma liƙis bayan ƙuda ya koma gida, kada a yi ana iska, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a sanar da masu amya na kusa tun jajibiri, kada a wanke tanki a ruwan sha. Haka ma 'yan'uwanmu masu lambu a bakin rafukan nan Kudu.

Na huɗu, mu ware wani abu daga asusun ƙungiya mu saya wa matasa biyar a gida akwatin zuma irin na Kenya mai sanduna a sama, da abin hura hayaƙi da rigar kariya. Kowane kafinta zai iya ƙera wannan akwati. Amfaninsa shi ne kana ɗaga sanda ɗaya-ɗaya, ka yanke saƙar da ta nuna, ka bar ta 'ya'ya, ƙuda bai mutu ba bai gudu ba. Zumar da suka samu mu saye ta a nan da farashin gaskiya, mu sayar da ita da sunan wanda ya yi ta da sunan garinsa.

Na biyar, mu rubuta wa hakimai da dagatan garuruwanmu mu roƙe su su dawo da tsohuwar dokar hana sare kaɗanya da ɗorawa, mu kuma tambayi 'yan majalisarmu ina malaman gona suka shiga, da har mai shago ya zama shi ne malamin feshi.

Matar nan da ta zo ofis ba ta zage mu ba. Da za ta fita ta ce daga yau ba ta san wurin wa za ta sayi zuma ba. Iyayenmu sun shekara fiye da ɗari a Sabo suna gina wannan yarda da goro da shanu da riƙon amana, ban ga dalilin da za mu zubar da ita a kan gorar sukari ba. Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ƙofar ofis a buɗe take, taro kuma na nan tafe.

Allah Ya sa mu gyara, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Sabo, Ibadan